Bunsurun Dutse

Matar tana goge harsasan dalmar da suka zuba jiya ta ga surukinta yana cusa su a kwanso ba albarushi. Ga dusar ƙanƙara ta kusa rufe hanya, gida ba nama, mijinta kuma tun da ya tafi Mosko bai waiwayo ba.

"Baba, ka manta albarushi."

"Ke da ido kamar shaho! Ban manta ba." Ya juya kwanson a tafinsa. "Bunsurun dutse ɗaya ya rage a kwarin nan, 'yata, tsoho kamata. Hannuna ya saba, ba ya shawara da ni. In na kashe shi, wurin wa zan riƙa zuwa?"

Washegari da zai fita farauta ta ɗaure masa gurasa, ta ƙara dunƙulen gishiri domin bunsurun.