Sallahu a Bakin Bututu

Kai da kake cewa tunda waya ta zo ƙafa ta huta, gyara zama ka ji wannan.

An yi wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a wata 'yar tashar jirgin ƙasa. 'Yarta tilo aure ya kai ta Kurmi, amma muddin jirgi na tsayawa zumunci bai yanke ba: sai ta dubi fasinja mai fuskar amana, ta damƙa masa ƙullin kuka da daddawa, ta ba shi sallahu. Sai aka kawo sabon jirgi mai gudun tsiya, wanda ko kallon tashar ba ya yi. Garin kuma a kwari yake, waya ba ta kamawa sai an hau dutse, ita kuwa gwiwa ta ƙi hawa. A bakin mutane ta ji 'yar ta haifi namiji, ga yanar ido ta soma cinye mata gani. Ba abin da take roƙon Allah sai ta ga jikan nan kafin duhu ya rufe ta.

Ana nan sai ga ma'aikata suna haƙa rami a gefen layin dogo, suna shimfiɗa wani bututu ruwan goro. Ta kai musu ƙosai, ta tambaya ko ruwa za a jawo. Suka ce a'a, zaren gilashi ne a ciki, siriri kamar gashi, shi zai riƙa kai saƙon jama'a har Kurmi. Ashe! Tsohuwa ta ajiye tire, ta durƙusa a bakin bututun, ta yi masa sallama yadda take yi wa fasinja. Ta ce ya gaishe mata da 'yarta, ya ce mata a nuna mata yaron tun tana gani. Ma'aikata suka gimtse dariya, aka rasa mai ƙarfin halin gyara mata. Suka mayar da ƙasa suka yi gaba.

To, wanda ka ba sallahu ai ba ka bari ya wulaƙanta a garinku. Kullum ta sauke kasko sai ta ɗauki sanda ta bi layin a hankali tana dubawa. Inda ruwa ya zaizaye har bututu ya leƙo, ta cike da duwatsu. Ranar da wani manomi ya kawo garmar shanu zai ratsa wurin, zama ta yi daɓas a kai, ta ce sai dai ya nome da ita. Mutane suka ce tsufa ya taɓa ta, ta ce ya taɓa ɗin. Damina ta wuce, garuruwan gaba ana ta tono ana ɗinke inda ya tsinke, nata yankin ko ƙwarzane babu.

Randa zaren ya fara aiki, waya ta kama har cikin kwari, maƙwabciyarta ta kira mata 'yar a waya mai hoto. Tsohuwa ta kawo fuska daf da gilashin, da ɗan hasken da ya rage a ido ɗaya ta ga kumatu, ta ga faffaɗan kunnuwa irin na gidansu, ta fashe da kukan daɗi. Da ta share hawaye sai ta ce, "Sallahuna ya iso?" 'Yar ba ta san wane sallahu ba, amma ta san uwarta. Ta ce, "Ya iso, Inna." Kafin wata daminar idon ya rufe ruf, amma ta riga ta gani.

Ka ga dai zare ne ya kai saƙon, amma wa ya yi ta takawa yana tsaron zaren? Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunci a ƙafa yake.