Ƙwayoyin Cikin Jakata

Baba ya zazzage jakar aikina a tsakar falo, ƙwayoyi suka warwatse a ƙasa.

"Ashe ɗan ƙwaya na haifa?" Ya kwaɗa mini mari, ya kira ƙannena su zo su kalli yayansu. Ya sa na tsince ƙwayoyin, na zuba a masai da hannuna.

Ya juya wajen Umma. "Kin san da wannan?"

"Na daɗe ina zarginsa, Malam," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Kada ya ƙara kwana a gidan nan."

Ina haɗa kayana ta leƙo ɗakin, ta yi ƙasa da murya.

"Ka biya wajen likitana. Ka ce maganin ciwon damuwar da ka karɓo mini jiya ya zube, ya ba ka wani."