Abin da Matar Direba Ta Gani

Tun kafin matar cikin fim ɗin ta miƙa hannu, tsohon ya ce, "A tukunya za ta jefa makullin."

Ta jefa a tukunya.

Wani mai ƙaton ciki da ke kujerar gefe ya juyo. "Baba, ka taɓa kallonsa ne?"

"Yau aka fara nunawa," in ji tsohon, ya gyara sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Shi ba ma'abocin sinima ba ne. A ganinsa, mutum ya zauna cikin duhu da rana tsaka yana kallon ƙarya aikin wanda ya rasa abin yi ne. Tikitin ma aiko masa aka yi a ambulan, kujerar gaba, shi kuwa ya wuce can baya ya lafe. Abin da ya dame shi ɗaya ne. An ce mai fim ɗin za ta tsaya a bakin ƙofa ta ji ra'ayin kowa, ƙofar kuma guda ɗaya ce.

Labarin wata matar direba ne mai ganin abu kafin ya faru. Dare uku a jere tana mafarkin motar mijinta ta ƙwace a gangare. Duk sanda za ta yi mafarkin sai idonta ya yi fari fat, labule ya kama rawa, a saki wani kiɗa kamar ana yanka jaki. Tsohon ya ja tsaki.

Da aka nuno motar a ƙofar gida da safe, bai kalli matar ba, bai kalli mijin ba. Ƙasan motar ya zuba wa ido. A bushe yake ƙamas, ko ɗigo babu. Ya sake jan tsaki.

Mijin ya tsamo makullinsa daga tukunya yana dariya. Matar ta ce in ya rantse sai ya tafi, to ƙafarsa ƙafarta. Ta bar 'yarta a bakin ƙofa da takalmi ɗaya, ta shiga gaba ta zauna. A gangaren farko birki ya ƙi. Shi ya fita da rai, ita ba ta fita ba.

Aka kunna fitilu. Masana suka tashi.

"Shirme ne tsagwaronsa," in ji mai ƙaton ciki. "Kin ga mutuwa a mafarki, kuma ki je ki zauna mata a gaba? Wannan ai ba baiwa ba ce, ƙarancin kai ne."

Wata mai jan jaka ta ce, "Ni dai tun da idon nan ya juya na ce mayya ce. Ita ta kira abin da bakinta."

"Haba Hajiya, aljanu ne kawai," in ji wani mai tabarau, irin waɗanda suka karanta littafi ɗaya suka hana kowa sakat. "Ni mijin na tausaya wa. Wa zai fasa neman abincinsa don matarsa ta kwana da ciwon ciki?"

Aka fashe da dariya. Wani ya juya idonsa sama, ya miƙe hannuwa yana tangaɗi kamar matar, dariyar ta ƙaru.

Tsohon ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota cikinsu, amma ga su sun zama alƙalai. Ya so ya tofar da yawu. Matar da ya sani ba ta taɓa tangaɗi ba. Ba ta ma iya ɗaga murya ba.

Layi ya ja zuwa ƙofa. Mai fim ɗin tana tsaye da ɗan littafi a hannu, matashiya ce siririya, tana murmushin dole. Da mai ƙaton ciki ya iso gabanta sai ya washe baki.

"Kai, Hajiya, kin yi ƙoƙari! Har ƙwalla na yi."

Mai jan jaka ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Mai tabarau ya nemi a ɗauke su hoto.

Tsohon ya bari kowa ya wuce. Ya yi tunanin ya sunkuyar da kai ya bi bango, amma mai ɗingishi ba ya sulalewa. Ƙarar sandarsa ta ji, ta ɗago, ta rufe littafin.

"Na duba gaba ban gan ka ba," ta ce a hankali. "Na ji abin da suke faɗa a ciki, ba kurma ba ce ni. Su ba su san ta ba. Kai kaɗai nake jira, Abba. Na sa komai yadda ka ba ni labari tun ina ƙarama. Haka Umma ta yi mafarkin, ko?"

Kalma ɗaya ta ishe shi, wadda ya shekara ashirin da shida yana faɗa mata. Daga waje ya jiyo ana kwaikwayon kiɗan nan ana dariya. Ya dafe sandar da hannu biyu, ya dubi ƙasa.

"Uwarki ba ta taɓa yin mafarki ba, ni na ƙaga miki shi," ya ce. "Man birki ta gani yana ɗiga a ƙarƙashin motar, safiya uku tana nuna mini, ni kuma na ce mata mace ba ta san mota ba."