Ƙashin Bayan Kunnen Inna

Tun da na haihu nake tsoron kunnena, saboda Inna.

Shekarar 'yancin kai, a Gulma, wata la'asar tana turara shinkafa, ƙanena ya rarrafo wajen murhu ta bayanta. Sau uku na ƙwala mata kira, ba ta waiwayo ba. Na janye shi, na taɓa ta. Ta kama kaina, ta manna bakina a ƙashin bayan kunnenta, inda nake jin warin man shanun da ake ɗiga mata.

"Faɗi nan, ɗiyata. Nan kaɗai nika ji."

Likitan Birnin Kebbi ya ce ɗan ƙashi ne ya maƙale can cikin kunnenta, kuma ana gadonsa.

Jiya ɗana ya yi ta kuka, ban ji ba, maƙwabciya ce ta gaya mini. Don Allah, in kun kira ban amsa ba, ku taɓa kafaɗata.