Filin da Kaka Ya Gina

"Ba zan je ba, Kaka," in ji jikarsa, ta ajiye rigar gasar a gabansa.

Tsohon birkilan ya kusa ƙwarewa da shayi. Shekara takwas tana gudu don wannan gasa ta duniya, kuma a filin da ya gina da hannunsa a ƙasar waje! Duk unguwa an sha labarin: zafin ranar da ya kayar da ƙarti a wurin ginin, shi ko ciwon kai bai yi ba.

"Ke amarya, lafiyarki? Zinare fa!"

"Ku nawa kuka tafi aikin ginin?"

"Arba'in."

"Nawa kuka dawo?"

Ya ajiye kofin shayin. Ita kaɗai ya taɓa faɗa wa. Da yake bai iya rubutu ba, duk wanda ya rasu sai ya dangwala masa yatsa a ɗanyen siminti, ƙarƙashin inda ake gudu. Sau goma sha ɗaya ya dangwala.

"A kansu zan yi gudu, ana tafi?"

Ranar da aka cire sunanta daga gasar, ya fito majalisa da sabuwar hula.

"Ku matsa," ya ce, "kakan wadda ta ƙi zuwa zai zauna."