Mai Sayen Fina-finan Fatalwa

"Sun ƙare, Malama," in ji mai shagon tura fina-finai a Jega. "Tsoho da sabo, babu na fatalwar da ba ki kalla ba."

Ta miƙa masa wayarta duk da haka. "To, maido mini na farkon."

Tun da aka binne mijinta bara, kowace Lahadi bayan coci take hawo mota daga Maiyama, inda take koyarwa. Danginta suna nesa, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi mata faɗi.

Mai shagon ya kunna fim ɗin don gwaji. Ga mamaci ya taso daga kabari, ya doshi gidansa, yana ƙwanƙwasa ƙofa. Iyalinsa na ta kururuwa, suna tokare ƙofar da kujeru. Mai shagon ya kau da kai yana neman tsari.

"Wai ba ki jin tsoro? Mi kike so ciki?"

Ba ta ɗauke ido daga wayar ba.

"Ya sha tafiya, ya dawo gida," ta ce a hankali. "Kullum sai in zaci yau za su buɗe masa."