Almakashin Malam Iro

Har yau ina jin sanyin almakashin nan a wuyana.

Ina da shekara bakwai, muna zaune a Badarawa. Wata la'asar maƙwabcinmu Malam Iro tela, wanda ya kwana biyar yana magana shi kaɗai, ya damƙe ni a zaurenmu, ya ɗora mini almakashi a wuya. Ya ce an ɗinka masa muryoyi a wuyan rigata, sai ya farke su. Maza suka taru da igiya da sanduna. Ni ko kuka na kasa, fitsari kawai nake ji yana bin ƙafata.

Sai ga Baba ya dawo daga asibiti, inda yake jinyar masu taɓin hankali. Ya ɗaga wa mutane hannu su ja da baya, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna.

"Malam Iro, barka da la'asar. Ina gajiya?"

Almakashin ya ƙara nutsewa. Baba ya maimaita, murya ƙasa-ƙasa.

Can Malam Iro ya ce, "Ba gajiya."

"Yaya aiki?"

"Da godiya."

"Madalla. Ara mini almakashin, zare ya fito a aljihuna."

Ya miƙa masa, har da juyo masa mariƙin, yadda teloli suke yi.

Da Baba ya ɗauke ni, rigarsa sharkaf take da gumi. Ya ce, "Wanda ya amsa gaisuwa, hankalinsa yana nan ciki."

Jikokina suna mitar gaisuwata ta cika tsawo. Su yi ta yi.